Bakof ya ƙi, maidowa ta ƙi, ko an maido amma ba a iya shiga: yadda zaka bi matsalar a SQL Server

Manhajoji da yawa da ake sakawa a kemis, makarantu, otal da shagunan sari a ƙarƙashinsu SQL Server ne ke riƙe da bayanan, sau da yawa ma Express ɗin nan na kyauta, kuma mai wurin bai ma san da shi ba sai ranar da kwamfuta ta mutu aka ce a kawo bakof. Toh a ranar ne ake gane ko wanda ya saita abun ya yi aiki ko kuwa. Abinda nake so ka riƙe tun daga farko shine kusan duk wahalar da zaka sha a wannan fanni tana komawa ga tambaya guda: waye yake yin aikin a idon saba, wato SQL Server ɗin kanta? Ba kai da ke zaune gaban allo ba fa, akawun ɗin da saba ta sani. Inka iya amsa wannan a kowane mataki rabin saƙonnin kuskuren da kake gani zasu warware da kansu.

Zan yi amfani da databes mai suna Kanti a duk misalan, kai sai ka canza zuwa sunan naka.

Da farko, bakof ɗin da ya ƙi fita

Wanda aka fi gani shine kuskure lamba 3201, yana cewa "Cannot open backup device" sannan a ƙarshen layin akwai "Operating system error" da wata lamba. Kada ka tsaya kan 3201 ɗin, wannan ƙaramar lambar ta ƙarshe ita ce labarin. In 5 ce an hana izini. In 3 ce hanyar foldar da ka rubuta babu ita. In 112 ce faifai ya cika, in 53 ce kwamfutar da kake son kai fayil ɗin ta netwok ba a ganinta, in kuma 32 ce wani abu ya riƙe fayil ɗin, galibi antibairos ne ko wata manhajar da ke kwafe fayiloli zuwa intanet.

Lamba 5 ɗin ita ce ke rikita mutane, domin mutum zai ce ai ni ne Administrator a kwamfutar nan, na buɗe foldar da hannuna na ajiye abu a ciki lafiya lau, me yasa za a ce ba ni da izini. Amsar ita ce ba kai ke rubuta fayil ɗin ba. Sabis ɗin SQL Server ne ke rubutawa da akawun ɗin da yake gudana a kai. Duba shi haka a SSMS, wato SQL Server Management Studio, manhajar da ake rubuta wa saba umarni a ciki:

```
SELECT servicename, service_account
FROM sys.dm_server_services;
```

Yawanci zaka ga NT Service\MSSQLSERVER, ko NT Service\MSSQL$SQLEXPRESS in Express ne. Je kan foldar, danna dama, Properties, Security, Edit, Add, ka rubuta sunan nan daidai harafi da harafi, in kwamfutar tana cikin domen ka canza Locations zuwa sunan kwamfutar kanta in ba haka ba zai ce bai san akawun ɗin ba, sai ka ba shi Modify. Shikenan. Ba sai ka ba Everyone cikakken iko ba kamar yadda wasu ke yi don su huta, fayil ɗin bakof duk bayanan kamfani ne a dunƙule, duk wanda ya kwafe shi ya kwafe komai.

Haka kuma kada ka ajiye bakof a Desktop ko Documents ɗinka, waɗannan naka ne kai kaɗai shiyasa sabis ɗin ba ya iya shiga. Buɗe folda daban kamar D:\Bakof. In ta netwok zaka tura, harafin da ka liƙa wa foldar nesa irin Z: ɗin nan sabis bai san da shi ba, naka ne na zaman da ka shiga, dole ka rubuta cikakkiyar hanya kamar \\SABA2\Bakof\Kanti.bak, kuma a can ɗaya gefen izini iri biyu ne, na Share da na Security, duka biyun sai ka ba. Akawun irin NT Service idan zai fita netwok da sunan kwamfutar yake fita, wato DOMEN\SUNANKWAMFUTA$ da alamar dala a ƙarshe, shi zaka ba izinin. In babu domen kwata-kwata, kamar yadda yake a yawancin ƙananan ofisoshi, ni shawarata ka yi bakof a faifan cikin gida sannan ka kwafe fayil ɗin da wani aiki daban, ya fi sauƙi kuma ya fi saurin gane inda ya tsaya in ya tsaya.

Ga yadda nake son ganin umarnin:

```
BACKUP DATABASE Kanti
TO DISK = N'D:\Bakof\Kanti.bak'
WITH CHECKSUM, INIT, STATS = 10;
```

Ka lura da INIT ɗin nan sosai. In baka saka shi ba SQL Server baya goge na jiya, ƙarawa yake a kan fayil ɗin, yau ɗaya gobe biyu har fayil ya kumbura, kuma babbar illar ita ce ranar maidowa inka rubuta umarni da hannu baka faɗi wanne kake so ba na farko zai ɗauko, mafi tsufa. Sai a maido lafiya babu wani kuskure amma akawu ya buɗe ya ga cinikin wata shida babu. Ba ɓata ya yi ba, yana nan cikin fayil ɗin, zamu zo kan yadda ake ɗauko shi. Amma INIT ma yana da nasa haɗarin, yana goge na baya ne kafin sabon ya gama, inda wuta ta ɗauke a tsakiya kuma inbata ta gaza ka rasa tsoho ka rasa sabo. Shiyasa mafi kyau kowane bakof ya samu sunansa da kwanan wata.

CHECKSUM yana sa a duba shafukan bayanai lokacin karantawa, in akwai lalacewa bakof ɗin zai tsaya ya faɗa maka maimakon ya kwashe ɓarna ya ajiye maka shiru. COMPRESSION yana rage girma ƙwarai amma Express baya iya yinsa, yana dai iya maido wanda aka matse a wata sabar. Express ɗin kuma bashi da SQL Server Agent, sabis ɗin da ke gudanar da ayyuka bisa jadawali, don haka jadawalin bakof sai ta Task Scheduler na Windows da sqlcmd. Akwai rubutun Ola Hallengren na kyauta da masu kula da databes a duniya suka daɗe suna amfani da shi, yana saka kwanan wata a suna yana goge tsofaffi da kansa, ya fi ka zauna kana ƙirƙirar naka.

In kuma kuskuren 262 ne yana cewa "BACKUP DATABASE permission denied" toh wannan ba na folda bane, login ɗinka ne bashi da iko a cikin SQL Server. A saka yuzan a db_backupoperator ya isa, ba sai an ba shi sysadmin ba.

Fayil ɗin log da ke cinye faifai

Wannan dole in tsaya a kai domin yana haɗe da bakof kai tsaye. Zaka ga .mdf, fayil ɗin bayanai, bai fi giga 2 ba amma .ldf, fayil ɗin log mai rubuta duk canjin da aka yi, ya kai giga 80, ƙarshe manhaja ta tsaya da kuskure 9002 wai log ya cika. Gudu wannan:

```
SELECT name, recovery_model_desc, log_reuse_wait_desc
FROM sys.databases;
```

In ka ga FULL sannan LOG_BACKUP a gefe, ma'ana databes ɗin yana jiran a yi bakof na log ne kuma ba a yi ba. Cikakken bakof baya sauke log, wannan mutane da yawa basu sani ba. Zaɓi biyu gareka. In kamfanin zai iya jure rasa aikin yini guda, mayar da shi SIMPLE ka huta. In ba zai iya ba, kamar wurin da ake karɓar kuɗi minti-minti, bar shi a FULL ka riƙa BACKUP LOG duk minti 15 ko 30. Abinda ba zaka yi ba ko da wa ya ce maka shine ka tsayar da sabis ka goge .ldf ɗin da hannu, wlh hanyar da databes ke shiga halin da ba ya buɗuwa kenan. Bayan ka gyara tushen matsalar zaka iya rage girman fayil ɗin sau ɗaya da DBCC SHRINKFILE. Kuma in BACKUP LOG ya ba ka 4214, yana nufin tun da aka mayar da shi FULL ba a yi cikakken bakof ba, yi shi tukuna.

Maidowa: kada ka taɓa komai sai ka leƙa cikin fayil ɗin

Umarni uku ne, basu canza komai, dubawa kawai suke:

```
RESTORE HEADERONLY FROM DISK = N'D:\Bakof\Kanti.bak';
RESTORE FILELISTONLY FROM DISK = N'D:\Bakof\Kanti.bak';
RESTORE VERIFYONLY FROM DISK = N'D:\Bakof\Kanti.bak' WITH CHECKSUM;
```

HEADERONLY zai nuna maka bakof nawa ne a cikin fayil ɗin, layi ɗaya kowanne. Duba Position da BackupFinishDate, in layuka goma ne kuma na goman kake so sai ka ƙara WITH FILE = 10 a umarnin maidowa, wannan ne maganin cinikin wata shida da na ambata. Duba BackupType ma, 1 cikakke ne, 2 log, 5 kuma na bambanci wato wanda ya ɗauki abinda ya canza tun cikakken bakof na ƙarshe. Sai SoftwareVersionMajor, 11 shine 2012, 12 shine 2014, 13 na 2016, 14 na 2017, 15 na 2019, 16 kuma 2022.

Lambar nan tana da muhimmanci saboda bakof baya komawa baya. Na 2014 zai hau kan 2019 lafiya, amma na 2019 ba zai taɓa hawa kan 2014 ba, zaka samu 3169 kuma babu wata dabara, canza compatibility level ma baya taimakawa ko kaɗan. Ko dai ka saka sabuwar siga a sabar da zaka maido, ko ka fitar da tebura da bayanai ta Generate Scripts ko bacpac daga sabar asali. Akwai kuma iyakar Express, daga 2008 R2 har 2022 giga 10 ne na bayanai ga kowane databes, wanda ya wuce haka ba zai shiga ba. Shi kuwa 3241 mai cewa "media family is incorrectly formed" sau da yawa fayil ne ya lalace a hanya, an zare filash kafin kwafi ya gama ko saukewa ta yanke, kwatanta girman fayil ɗin da na asali har zuwa bayit na ƙarshe ka sake kwafa. Tsohuwar saba ƙwarai ma takan ba da wannan saƙon in ka kawo mata fayil ɗin sabuwa.

Yanzu FILELISTONLY. Bakof yana tuna inda fayilolinsa suke a tsohuwar kwamfuta, in can a E:\Data suke kuma sabuwar bata da E: zaka ga 5133 da 3156. Ɗauki sunayen da ke ƙarƙashin LogicalName ka nuna masu sabon wuri:

```
RESTORE DATABASE Kanti
FROM DISK = N'D:\Bakof\Kanti.bak'
WITH FILE = 1,
MOVE N'Kanti' TO N'D:\Data\Kanti.mdf',
MOVE N'Kanti_log' TO N'D:\Data\Kanti_log.ldf',
RECOVERY, STATS = 10;
```

Foldar D:\Data ma sai akawun ɗin sabis yana da izini a kanta, tambayar nan ta farko ce ta sake dawowa.

Kuskure ɗaya da ake yawan yi, mutum sai ya ƙirƙiri databes wofi mai suna Kanti wai don ya samu wurin zubawa, sai ya samu 3154 yana cewa bakof ɗin na wani databes ne daban. Ba a buƙatar wannan, RESTORE da kansa yake ƙirƙira. Goge wofin ko ka ƙara REPLACE. Amma dan Allah ka ji tsoron REPLACE, abinda yake cewa shine a cire duk wani shinge a danne abinda ke wurin, inka yi kuskuren suna a saba mai aiki ba wanda zai tambayeka ka tabbata. Ni a kan saba mai aiki na fi son a maido da wani suna, Kanti_gwaji misali, a duba a gamsu sannan a sauya.

Sai 3101, "Exclusive access could not be obtained because the database is in use". Wani yana ciki, wataƙila ma tagar da kake rubutu a ciki ce. Koma master, wato databes ɗin da saba ke ajiye nata tsarin a ciki, sannan ka kori kowa, amma ka gudu da su duka a tare, kada ka yi layi ɗaya ka tsaya, domin manhajar kantin tana ta ƙoƙarin haɗawa kuma in ta riga ka kama gurbi ɗayan nan kai ne zaka tsaya a waje:

```
USE master;
ALTER DATABASE Kanti SET SINGLE_USER WITH ROLLBACK IMMEDIATE;
RESTORE DATABASE Kanti FROM DISK = N'D:\Bakof\Kanti.bak' WITH REPLACE;
ALTER DATABASE Kanti SET MULTI_USER;
```

ROLLBACK IMMEDIATE yana soke duk aikin da ba a kammala ba, saboda haka ka sanar da masu karɓar kuɗi su dakata kafin ka danna.

In ka ga 3159 yana maganar "tail of the log", saba ce ke jan kunnenka cewa akwai ayyukan da aka yi tun bakof ɗin log na ƙarshe kuma zasu tafi. Mutane sukan saka REPLACE su wuce. Kada ka yi haka sai ka tabbata baka buƙatarsu, yi BACKUP LOG Kanti TO DISK da NORECOVERY tukuna, wannan ɗan fayil ɗin shine zai dawo maka da cinikin safiyar yau.

Jerin maidowa kuma haka yake: cikakke da NORECOVERY, na bambanci mafi sabo da NORECOVERY, sai log ɗaya bayan ɗaya bisa tsari duk da NORECOVERY, na ƙarshe kaɗai ake ba RECOVERY. Inka ba na farko RECOVERY an rufe ƙofa, sai ka faro daga farko. In wani ya goge tebur da ƙarfe 3:42 na yamma, a log ɗin da ya ƙunshi lokacin sai ka saka STOPAT da 3:41. Kuskure 4305 yana nufin ka tsallake wani log, nemo wanda ya riga shi. 3136 kuma na bambancin bai dace da cikakken da ka maido ba, yawanci wani ne ya yi nasa cikakken bakof a tsakani ya tafi da shi a filash, shiyasa duk bakof ɗin da za a yi ba na jadawali ba a saka masa COPY_ONLY. Tarihin komai yana msdb.dbo.backupset, can zaka ga waye ya yi, inda ya kai fayil ɗin kuma yana msdb.dbo.backupmediafamily. In kuma databes ya maƙale da "Restoring..." a gefen sunansa kuma ba sauran fayil, bai lalace ba, jira yake:

```
RESTORE DATABASE Kanti WITH RECOVERY;
```

An maido, amma manhaja ta ce Login failed

Nan ne mutane suka fi ɗimaucewa domin ga databes ga tebura ga bayanai, amma ba shiga. Abu biyu ne daban a SQL Server. Login yana matakin saba, a master yake zaune, shi ke da kalmar sirri. Yuza yana cikin databes ɗin kansa, shi ke riƙe da izinin karatu da rubutu. Bakof ɗin Kanti ya taho da yuza amma bai taho da login ba tunda wancan yana master na tsohuwar saba.

Sai mutum ya ce ai da sauƙi, ya ƙirƙiri login da suna iri ɗaya da kalmar sirri iri ɗaya, amma har yanzu shiru. Dalili, ba da suna ake haɗa su ba, da wata doguwar lamba ce da ake kira SID, kamar dai tura kuɗi a banki, lambar akawun ake bi ko da sunan iri ɗaya ne. Sabon login ɗin SQL sabuwar SID yake samu, yuzan da ke cikin databes yana neman tsohuwar, sai ya zama maraya, haka ma ake kiransa a harkar. Inka je User Mapping ka yi ƙoƙarin haɗawa zai ba ka 15023 wai yuzan yana nan tuni. Wasu sai su goge yuzan su sake sabo, duk izinin da aka ba shi tebur-tebur ya tafi kenan. Ba sai an kai ga haka ba. Nemo marayun:

```
USE Kanti;
SELECT dp.name, dp.sid
FROM sys.database_principals dp
LEFT JOIN sys.server_principals sp ON dp.sid = sp.sid
WHERE sp.sid IS NULL
AND dp.authentication_type_desc = 'INSTANCE';
```

Sannan ka haɗa kowanne da login ɗinsa:

```
ALTER USER kanti_app WITH LOGIN = kanti_app;
```

Zaka ga tsofaffin bayanai a intanet suna cewa sp_change_users_login, Microsoft ta daɗe da cewa a daina amfani da shi, ALTER USER ne hanyar yanzu.

Wannan gyara ne na yau. In kana yawan ɗauko databes daga saba ɗaya zuwa wata, kowace maidowa sai marayun sun dawo, toh gara ka kashe matsalar daga tushe, ka ƙirƙiri login ɗin a sabuwar saba da SID ɗin tsohuwar. A tsohuwar ka ɗauko sid da password_hash daga sys.sql_logins, a sabuwar ka rubuta:

```
CREATE LOGIN kanti_app
WITH PASSWORD = 0x0200... HASHED,
SID = 0x...,
CHECK_POLICY = OFF;
```

Ka cike lambobin da ka kwafo a wurin ɗigogin. Ta haka ko baka san kalmar sirrin ba ta taho yadda take, wanda yake da amfani sosai in wanda ya rubuta manhajar ya binne kalmar a ciki kuma an daina jin ɗuriyarsa. Microsoft tana da rubutu mai suna sp_help_revlogin da ke fitar da wannan ga dukkan login a lokaci guda, masu PowerShell kuma suna da Copy-DbaLogin a dbatools. Fitar da shi yau tun tsohuwar saba tana da rai ka ajiye tare da bakof, a wuri mai tsaro tunda akwai sirri a ciki. Login na Windows a domen ɗaya basu da wannan matsalar domin SID ɗinsu daga domen yake zuwa, ƙirƙirar login ɗin kawai ta isa.

Mai databes ma yakan zama maraya ko kuma ya koma sunan wanda ya yi maidowar. Daidaita shi da ALTER AUTHORIZATION ON DATABASE::Kanti TO sa, wato login ɗin babban mai iko da ke zuwa tare da SQL Server, ko wani login da kuka ware don haka.

Yanzu 18456 kansa, lambar kuskuren Login failed ɗin nan. A gefen mai shiga kusan kullum State 1 yake nunawa, da gangan ne, don kada mai ƙoƙarin kutse ya gane ko suna ya kuskure ko kalmar sirri. Ainihin dalilin yana log ɗin saba:

```
EXEC xp_readerrorlog 0, 1, N'Login failed';
```

State 5 babu login mai wannan sunan. 8 kalmar sirri ce ba daidai ba. 7 an kashe login ɗin kuma kalmar ma ba daidai ba. 18 dole a canza kalmar sirri. 38 login lafiya yake amma databes ɗin da aka nema ne ba ya buɗuwa gare shi, ko sunan ya bambanta da abinda ke cikin saitin manhaja ko maraicin nan ne ko databes ɗin yana Restoring har yanzu, bayan maidowa wannan zaka fi gani. 58 kuma sabar an saita ta Windows kaɗai take karɓa, kai kuma ka zo da login na SQL. Wannan yana yawan faruwa a sabuwar saka, je Server Properties, Security, zaɓi SQL Server and Windows Authentication mode, sannan ka sake kunna sabis ɗin in ba haka ba canjin ba zai kama ba. In aka saka sabar da Windows kaɗai tun farko login ɗin nan mai suna sa a kashe yake, sai ka kunna shi ka ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, ko ma ka bar shi a kashe.

Akwai 4064, "Cannot open user default database", databes ɗin da aka ɗora wa login a matsayin na farko ne aka goge ko aka canza wa suna. A tagar shiga ta SSMS danna Options, a Connect to database rubuta master da hannu, ka shiga, sannan ALTER LOGIN da DEFAULT_DATABASE = master.

In an shiga amma ana samun 229 ko 916 toh izini ne a ciki. A nan ne ake jarabtuwa a ba login ɗin manhaja sysadmin don magana ta ƙare, kuma abun yana damuna ƙwarai, domin duk wanda ya samu kalmar nan daga fayil ɗin saiti na kwamfutar kashiya ya mallaki sabar gaba ɗaya, albashi da komai. Ba shi abinda yake buƙata, db_datareader da db_datawriter da GRANT EXECUTE in manhajar tana kiran stored procedure, in ta matsa db_owner a kan databes ɗinta ita kaɗai. Don ka ga abinda yake gani ba tare da kalmar sirrinsa ba:

```
USE Kanti;
EXECUTE AS LOGIN = 'kanti_app';
SELECT * FROM fn_my_permissions(NULL, 'DATABASE');
REVERT;
```

Wani abu da ke ba mutane mamaki, zama cikin db_owner baya ba ka ikon RESTORE a kan databes ɗin da ke nan, sai sysadmin ko dbcreator ko ainihin mai databes ɗin. Dalilin shine jerin membobin db_owner a cikin databes ɗin yake, kuma databes ɗin da ake son maidowa wataƙila ya lalace ba a iya karanta shi.

In kowa ya kulle a waje

Wanda ya saka sabar ya bar aiki, ba wanda ya san kalmar sirrin login ɗin nan mai suna sa. Muddin kai Administrator ne a Windows ɗin kwamfutar, kuma mai wurin ne ya sa ka, akwai hanyar da Microsoft da kanta ta tanada. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka tsayar da sabis da net stop MSSQLSERVER, ka tashe shi da net start MSSQLSERVER /mSQLCMD, in Express ne sunan MSSQL$SQLEXPRESS. Wannan yana tada shi mutum ɗaya kaɗai zai shiga kuma ta sqlcmd kaɗai, don manhaja kada ta riga ka. Shiga da sqlcmd -S . -E ko .\SQLEXPRESS, ka ƙirƙiri login ɗinka FROM WINDOWS, ka saka shi da ALTER SERVER ROLE sysadmin ADD MEMBER, ka rubuta GO, ka fita, ka sake tada sabis ɗin yadda aka saba. Duk abun bai wuce minti biyar ba amma manhaja zata tsaya a lokacin, a yi bayan an tashi daga aiki.

Abinda bakof ɗin databes baya ɗaukowa, da gwajin mako

Bayan login, ayyukan jadawali na Agent suna msdb, linked server suna master, duk ba sa cikin Kanti.bak, don haka a riƙa yi wa master da msdb bakof su ma. In databes ɗin yana da TDE, wato tsarin da ke kulle fayilolinsa da makulli, ba tare da satifiket ɗin da makullinsa ba fayil ɗin ba zai buɗu a ko'ina ba, 33111 zaka gani, kuma babu mai iya ceto ka in sabar asali ta mutu da shi. Yi BACKUP CERTIFICATE ka ajiye daban da inda bakof yake. Shi kansa bakof ɗin kada ya zauna a faifai ɗaya da databes, kwafi uku a na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin, kuma ɗaya daga ciki kada ya zama a jone kullum saboda ƙwayar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa tana bin duk abinda ta gani a jone.

VERIFYONLY yana da amfani amma baya tabbatar da cewa bayanan ciki lafiya suke. Sau ɗaya a mako ɗauki bakof ɗin daren jiya, kai shi wata kwamfuta mai sigar SQL Server iri ɗaya ko sabuwa, maido shi da suna Kanti_gwaji, gudu DBCC CHECKDB (Kanti_gwaji) WITH NO_INFOMSGS, in bai ce komai ba lafiya kenan. Sannan ka buɗe teburin ciniki ka duba kwanan watan layi na ƙarshe ko ya kai jiya da dare, ka gudu da binciken marayun nan, ka shiga da login ɗin manhajar ba naka ba, ka kuma rubuta minti nawa duka aikin ya ɗauka domin shine amsar da zaka ba mai kanti in ya tambaya yaushe za a dawo aiki.